Zama Daban, Mallaka Daban: Abin Da Doka Ta Ce A Kan Filaye Da Gidajenmu A Legas

Wannan shi ne cikakken jawabin da kwamitin wayar da kan jama'a na ƙungiyarmu ya gabatar a taron da aka yi a Agege a kan haƙƙin mallakar fili da gida. Mun buga shi ne domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.



Bayan godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya zauna ya karanci dokokin ƙasa, ya tuntuɓi lauyoyi, sa'annan ya dawo ya yi wa jama'a bayani da harshen da kowa zai gane. Dalilin haka kuwa kowa ya san shi. Da wuya a ɗauki lokaci ba a kawo kukan fili ko na gida a fada ko a ofishin ƙungiya ba: wannan an sayar masa da filin da aka riga aka sayar wa wani, wancan an ce ya tashi daga gidan da kakansa ya gina, ga kuma marayu da aka rasa inda takardun gidan mahaifinsu suka shiga.

Zamanmu a Agege ya haura shekara 100. Cinikin goro ne ya kawo kakanninmu, kuma jirgin ƙasa, wanda ya isa Ibadan a 1901 ya kuma haɗa Legas da Kano a 1912, shi ya ƙara buɗe hanya har Zango ya cika ya bunƙasa. A nan aka haifi da yawa daga cikinmu, a nan aka binne iyayenmu. Amma abin da muke so kowa ya tafi da shi yau shi ne, a gaban kotu ba a tambayar shekara nawa ka yi a wuri sai an fara tambayar ta yaya ka shiga, daga hannun wa ka karɓa, kuma me kake riƙe da shi na shaida.

Haƙƙin da Tsarin Mulki ya ba mu

Bari mu fara da abin da yake namu, wanda babu mai iya ƙwace mana. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin ya zauna a duk inda ya ga dama a cikin Najeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko asalin garinsu. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon ya sayi fili ko gida ya mallaka a ko'ina a cikin ƙasar nan. Sashe na 44 kuma ya ce ba za a karɓe dukiyar mutum da ƙarfin hukuma ba sai ta hanyar da doka ta tsara, tare da biyan diyya da ba shi damar zuwa kotu.

Saboda haka duk wanda ya ce da kai Bahaushe ba ya mallakar ƙasa a Legas, maganarsa ba ta da tushe a doka. Sai dai Tsarin Mulki ƙofa kawai ya buɗe mana. Yadda za a shiga, wasu dokokin ne suka tsara, kuma a nan ne ake yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa.

Ƙasar Legas ta wace ce?

A al'adar Yarbawa, ƙasa ta zuriya ce. Mai gidan zuriya yana riƙe da ita ne a madadin rayayyu da waɗanda za a haifa. Turawa ma sun yi ƙoƙarin musanta wannan ba su yi nasara ba. Bayan da Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa Legas ga Ingila a 1861, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka ƙasar duk ta zama tata. Da ta karɓi filayen Apapa, sai Amodu Tijani, wanda ke riƙe da sarautar Oluwa, ya ja da ita har zuwa Landan, Herbert Macaulay yana rakiyarsa. A 1921 kotun ƙarshe ta daular Ingila ta yanke cewa miƙa mulki bai shafe haƙƙin zuriya a kan ƙasarta ba, aka kuwa biya shi diyyar fam 22,500. Wannan shi ya sa har gobe tushen yawancin filayen Agege, daga Orile zuwa Dopemu da Oko-Oba, yana komawa ne ga gidajen Aworawa da sauran zuriyoyin da suka riga kowa zama, ko ga waɗanda suka saya daga hannunsu.

Sai kuma ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. Ga mu 'yan Arewa dokar ba baƙuwa ba ce, domin an ɗauko tsarinta ne daga dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya duka. Tun daga ranar, abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani da fili, wanda a takardun gidajen zama galibi ake rubuta masa shekara 99. Wanda kuma yake da gini a birni tun kafin dokar, sashe na 34 ya ce ya ci gaba da riƙonsa tamkar gwamna ne ya ba shi. An cusa wannan doka cikin Tsarin Mulki a sashe na 315, don haka ba a iya gyara ta sai ta doguwar hanyar da ake gyara Tsarin Mulkin kansa.

To a lura da kyau. Dokar 1978 ta kare wanda yake da haƙƙi na gaskiya kafin zuwanta. Ba ta ƙirƙira wa kowa haƙƙin da ba shi da shi ba.

Daɗewa a wuri ba ta mayar da aro mallaka

A nan muke roƙon iyayenmu su ba mu kunnuwansu. A gida mun saba da hukuncin hauzi na mazhabar Malikiyya: idan mutum ya shekara 10 yana riƙe da gona ko gida, yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gari yana gani bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to alƙali ba zai saurari da'awarsa ba, in dai ba dangi ba ne, domin tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Wannan fahimta ce da yawa suka taho da ita Kudu. Amma ko a gida, malamanmu shaida ne, hauzi ba ya amfanar wanda ya shiga da aro, ko haya, ko jingina. Legas ma tana da dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara a kan fili, wadda ta sa shekara 12, sai dai ita ma ba ta taimakon wanda ya shiga da izinin mai wuri.

Da yawa daga cikin tsofaffin gidajenmu an same su ne ta hanyar da doka ke kira hayar gargajiya. Masu ƙasa sun ba kakanmu wuri ya gina, shi kuma yana kai musu wani abu duk shekara, abin da Yarbawa ke kira isakole. Irin wannan zama yana da ƙarfi ƙwarai. Muddin ana kiyaye sharuɗɗa, ba a iya tayar da mutum haka kawai, 'ya'yansa ma suna gadon zaman. Amma abubuwa biyu suna iya rusa shi: mutum ya musanta cewa masu ƙasa su ne masu ƙasa, ko ya sayar da wurin ba da saninsu ba.

Akwai shari'ar da ya kamata kowane ɗan ci-rani da kowane mazauni ya san da ita, wato shari'ar Abioye da Yakubu, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1991. Wasu Fulani ne a Jihar Kwara aka ba kakanninsu wuri su zauna su yi kiwo suna biyan isakole. Bayan fitowar dokar 1978 sai suka ɗauka ƙasa ta zama ta wanda ke kanta, har aka kafa allo mai nuna wurin nasu ne. Masu ƙasa suka kai ƙara. Kotun Ƙoli ta ce dokar 1978 ba ta kashe dangantakar mai ƙasa da wanda ya ba wuri ba, wanda aka ba aro yana nan a matsayinsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Shawararmu ga duk gidan da ke kan irin wannan zama ita ce a bi ta lalama, a zauna da zuriyar masu ƙasa, a daidaita, a sayi haƙƙin gaba ɗaya a rubuce tun dattawan da suka san tarihin zaman suna raye a ɓangarorin biyu.

Idan kuwa magana ta kai kotu, tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar fili: tarihin asali na gargajiya, takardun mallaka ingantattu, ayyukan mai mallaka na tsawon lokaci kamar gini da ba da haya, daɗewa ana riƙe da wurin ana amfani da shi, da kuma mallakar filin da ke maƙwabtaka da shi ta yadda za a gane duk abu ɗaya ne. Mu da muka zo daga wani wuri, hanya ta farko ba tamu ba ce. Wadda ta fi mana ƙarfi ita ce ta biyu, wato takarda.

Wa ke da ikon sayarwa?

A gida, in za ka sayi fili, ga mai shi, ga dillali, ga mai unguwa ko dagaci, a sa albarka a tashi. A nan filin zuriya ba ya sayuwa da hannun mutum ɗaya. Ƙa'idar da kotu ta kafa a shari'ar Ekpendu da Erika a 1959, wadda har yanzu ake bi, tana da fuska biyu. Idan 'yan zuriya suka sayar ba tare da mai gidan zuriya ba, cinikin ɓatacce ne tun daga tushe, ko nawa ka biya. Idan kuma mai gidan ne ya sayar a madadin zuriya ba tare da yardar manyan 'ya'yanta ba, suna da ikon su je kotu a warware cinikin, in dai ba su yi sakaci da lokaci ba. Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, ka san wane ne mai gidan zuriya na yanzu, ka san ɗakunan da zuriyar ta rabu, ka kuma tabbata kowane ɗaki da wakilinsa a takarda. Ka bincika ko akwai shari'a a kan filin, domin mai sayen filin da ke gaban kotu rigima ya saya.

Game da matasan nan da ake kira omo onile, masu zuwa wurin gini su ce a biya kuɗin yashi, a biya na rufi, a biya na katanga, ya kamata a sani cewa a 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta yi dokar kare kadarori, aka kuma kafa runduna ta musamman a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a domin masu ƙwacen filaye. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙwace fili da ƙarfi, ta kuma haramta tare mai gini a ce sai ya biya. Abin da ta bari shi ne kuɗin al'ada na aza harsashi, wanda zuriyar da ta sayar za ta nema da izinin mai gidanta. Wannan doka kaifi biyu gare ta. Mu ma ta hana mu tara matasa mu je mu ƙwato fili da hannunmu, ko da muna da gaskiya.

Matakan saye

Ga matakan da lauyoyi suka ja hankalinmu a kansu, a jere:

1. Ɗauki lauyanka na kanka. Lauyan mai sayarwa mai sayarwa yake wa aiki, dillali kuwa la'adarsa yake jira.

2. Ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin, ya kafa turaku, ya fitar da taswira da sunanka. Kalmar fuloti ba ma'auni ba ce a doka. Mun saba da ƙafa 50 da 100, a Legas kuwa an fi sanin ƙafa 60 da 120, don haka abin da taswira ta nuna shi ka saya.

3. A kai lambobin taswirar ofishin Babban Safiyo na jiha a duba ko filin yana cikin wuraren da gwamnati ta karɓe. Tun daga shekarun 1970 gwamnatin Legas ta karɓe manyan yankuna. A wasu wuraren ta yanke wa ƙauyuka kasonsu ta buga a gazet. Idan aka ce maka fili yana da gazet, ka nemi lambarta da shekararta, safiyo ya tabbatar filinka yana cikin kason da aka yanke. Wurin da aka keɓe wa hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kan bututun mai, babu takardar da za ta tsirar da shi.

4. Lauya ya yi bincike a ofishin rajistar filaye da ke Alausa, a gani ko sunan mai sayarwa ne a rajista, ko an jinginar da gidan a banki.

5. A biya ta banki, da sunan da ke cikin takarda, a karɓi rasit, a rubuta takardar miƙa mallaka da sa hannun masu sayarwa da shaidu. Sa'annan ka shiga filinka nan da nan, ko da katanga ce ka zagaye.

6. A nemi amincewar gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi haɗari. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a miƙa haƙƙin fili a birni sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, wani mutum ya jinginar da gidansa da ya mallaka tun kafin 1978, da banki ya tashi sayarwa sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba, Kotun Ƙoli kuwa ta ce jinginar ba ta inganta ba. In banki da lauyoyinsa sun yi asara ta wannan ƙofa, ina ga ɗan kasuwa mai rasit ɗaya a aljihu?

Gaskiya ne wanda ya biya kuɗi ya kuma shiga fili yana da wani haƙƙi da kotu ke karewa. Amma in wani ya zo daga baya ya saya da zuciya ɗaya, bai san da kai ba, ya kammala takardunsa ya yi rajista, yana iya shan gabanka. Mutane suna gudun rajista saboda tsada. A 2015 gwamnatin Babatunde Fashola ta rage jimillar kuɗaɗen zuwa kashi 3 cikin 100 na ƙimar fili, kuma tunda irin waɗannan kuɗaɗe suna sauyawa, lauyanka ya karɓo maka lissafin ranar daga Alausa. Ko nawa ne, bai kai asarar gida ba.

Har ila yau, kada ganin takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, ya sa ka saki jiki. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan takarda ba ta ba mutum abin da ba nasa ba ne tun asali, kuma wanda ya fi shi ingantaccen tushe yana iya kayar da shi. Haka nan rasit na harajin gida da takardar wutar lantarki suna nuna kana zaune ne, ba sa nuna naka ne. 'Yan'uwanmu da ke saye a Sango-Ota, Ifo da Mowe su tuna cewa can Jihar Ogun ce, takardunsu a Abeokuta ake yi. Masu saye da sunan ƙananan 'ya'yansu kuma su sani sashe na 7 bai yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba haƙƙin fili kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintacce, in ba gado ya ci ba.

Idan gwamnati ta buƙaci wurin

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum saboda amfanin jama'a, kamar hanya, asibiti ko layin dogo. Amma da sharaɗi: sai an ba mai wurin sanarwa ta hanyar da sashe na 44 na dokar ya tsara, kuma sai dalilin ya zama na jama'a da gaske. Kotuna sun sha rushe irin wannan karɓa idan aka gano ba a ba da sanarwa ba, ko an karɓe daga wani ne don a ba wani. Diyya kuwa, bisa sashe na 29, ana biyanta ne a kan abin da ka aza a ƙasa, wato gini da shuka, kuma mai takarda ake fara nema.

Mun ga wannan da idonmu. An rushe gine-gine domin gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, an kuma share gefen layin dogo domin sabon jirgin Legas zuwa Ibadan na 2021 da jirgin cikin gari da aka ƙaddamar a 2024. Manyanmu kuma ba su manta da Maroko ba, inda aka tashi dubban ɗaruruwan mutane a watan Yuli na 1990. Darasin shi ne, filin gefen dogo na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, rumfar kasuwa kuma ta ƙaramar hukuma ce ko ta jiha. Takardar da aka ba ka a irin waɗannan wurare izinin zama ce, ana iya janye ta. Kada mutum ya zuba jarin rayuwarsa a ginin da ƙasarsa ba tasa ba ce.

Gado, marayu da gidajen Allah

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, in Musulmi ɗan Arewa ya rasu ya bar gida a Legas, da wace doka za a raba? Kotu ta amsa wannan tun 1945 a shari'ar Tapa da Kuka, inda wani Banufe Musulmi mutumin Bida ya rasu ya bar gida a Legas, aka yanke cewa dokar da ta shafe shi, wato shari'ar Musulunci, ita za a bi. Sashe na 24 na dokar 1978 ma ya tafi a kan cewa dokar da mamaci ke bi ita ke raba haƙƙinsa na fili a birni. Amma wanda ya ɗaura aure a rajista ya sani cewa hakan yana iya jawo dokar gado ta jiha cikin dukiyarsa, don haka ya nemi shawarar lauya tun yana da rai.

Rabon da malamai suka yi, in magada sun yarda, abu ne mai kyau, amma bai isa ya sauya suna a Alausa ba. Sai magada sun je sashen gado na Babbar Kotu sun karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, da ita ne za a iya sayarwa ko a mayar da gida sunan wanda ya faɗa wa. Kuma sashe na 24 ya hana a tsaga fili mai takarda gida biyu ko uku saboda gado sai da amincewar gwamna. Mai sayen gidan gado kuma ya nemi ganin wannan takarda, kada ya wadatu da maganar babban ɗa.

A nan muna kira ga 'yan'uwa maza da su ji tsoron Allah game da mata da marayu. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, 'ya mace tana da rabonta ko tana aure a Katsina ko a Maraɗi. Riƙe takardun gida a hana su gani zalunci ne a addini, a doka kuma hanya ce ta jefa gidan cikin shari'ar da za ta cinye shi.

Masallatanmu, makarantun Islamiyya da maƙabartu su ma suna bukatar gyara. Da yawa an saye su ne da sunan wani bawan Allah guda, kowa ya san wakafi ne, amma takarda ba ta faɗa ba. In ya rasu, a idon doka wurin yana cikin dukiyarsa. Maganin wannan shi ne a yi wa amintattu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, bisa dokar kamfanoni ta 2020, a mayar da takardun da sunan amintattun, domin su ba sa mutuwa da mutuwar mutum ɗaya.

Abin da muke roƙo

Wasu suna ganin neman takarda daga wanda aka yarda da shi rashin kunya ne. Malamanmu suna nan, su ne za su tabbatar mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amalar bashi da kafa shaidu ta sauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka kwamiti yana ba da waɗannan shawarwari. Na farko, kowane mai gida ya fito da takardunsa a cikin wannan wata, ya kai wa lauya ya duba, ya yi hotonsu ya ajiye a wuri biyu, ya kuma sanar da iyalinsa inda suke. Na biyu, ƙungiya ta buɗe littafin tsofaffin gidajen da ke kan hayar gargajiya, fada ta jagoranci zama da masu ƙasa cikin mutunci da girmamawa irin wadda iyayenmu suka yi da iyayensu. Na uku, wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya sani akwai Ofishin Kare Haƙƙin Jama'a da Cibiyar Sasanta Jama'a a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Legas, waɗanda aka kafa domin marasa ƙarfi. Na huɗu, mu tura 'ya'yanmu maza da mata su karanta lauya da aikin safiyo. Ga Jami'ar Legas a Akoka, ga ta jiha a Ojo, duk ba su fi ƙarfin ɗan Agege ba, kuma attajiranmu suna iya ɗaukar nauyin ko da yaro ɗaya ɗaya. Ranar da aka ce lauyan da zai duba takardar dattijo yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ranar an rage kuka.

Rashin sani ya fi dare duhu, in kuwa kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai zo ba. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan zama.